Takardun da Alois Ya Ƙona

Lhota, 12 ga Satumba, 1988

Zuwa ga jikata Zdenka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a can kan dutsenku inda ake barci da rana kamar mujiya. Ni dai da sauƙi. Gwiwa ce ta ƙi ni, sai haƙorin ƙasa da ya bi 'yan'uwansa ranar Talata. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a soja na koye shi, wanda ya koya mini ma ba wani gwani ba ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Asabar na shiga gidan giya in ɗan ji ɗumi, rediyo na kunne, sai na ji an ambaci Maigida. Wai baɗi Gwani Vilem Sazama, babban mai tsara kiɗan ƙasar nan, zai cika shekara ɗari da haihuwa. Wai masu duba taurari sun gano wani dutse yana yawo a sama, za su sa masa sunansa. Kuma gidan aikinku aka ambata.

Kafin in sauke kofi Franta mahauci ya ɗaga murya, "Jama'a, a caje aljihun Alois! Kada ya hau sama ya ƙona wannan ma."

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Dutse ba ya cin wuta, Franta, kamar dai naman da kake sayar mana." Dariyar ta koma kansa, amma ni abincin ranar bai ciwu ba.

Shekara ashirin da biyar na yi wa mutumin nan hidima. Na aske masa gemu, na goge takalminsa, na hura masa murhu. Lokacin da ake tashi tsaye ana tafa masa a manyan birane, ni ne a bayan labule riƙe da rigar sanyinsa. Wa ya tuna? Abin da aka tuna layi ɗaya ne a littafin Farfesa Koudela, wai baran gidan, jahili, ya hura wuta da takardun babban kiɗan Gwani na ƙarshe. Shekara talatin da biyar ke nan yara na kirana Alois Ashana. Yaran farko yanzu sun yi furfura, sun koya wa nasu. Kakarki Ruzena ta daina zuwa coci saboda kallo. Ubanki ya bar garin nan bai sake kwana a cikinsa ba.

To ki gaya mini, wane irin dutse ne wannan? Me ke riƙe da shi a can? Yau da safe na tsaya bakin tafki, farin hazo ya kwanta a kan ruwan har ba ka sanin inda ruwa ya ƙare sama ta fara, na ɗaga kai ina nema, ban ga komai ba sai agwagin daji. Kuma me ya sa sai a bakin rediyo zan ji, alhali ina da jika a wurin?

Ki riƙa rufe wuyanki, can sama akwai iska.

Kakanki,
Alois Kubat

Gidan Duba Taurari, 19 ga Satumba, 1988

Kakana mai rigima,

Gaisuwa da ban girma. Na yi dariyar Franta, na kuma yi jimamin haƙori. Saura nawa yanzu, biyu ko uku?

Ba za ka gan shi daga bakin tafki ba, Kaka, ko da idon saurayi. Can nesa, tsakanin jan tauraron nan Mirrihi da babban tauraro Mushtari, akwai wata faffaɗar hanya da duwatsu ke bi suna zagaya rana, ba su ƙidayuwa. Ragowar kayan gini ne da ba su taɓa haɗuwa sun zama duniya ba. Ba abin da ke riƙe da su sai jan rana, suna ta tafiya shiru kamar tumakin da makiyayinsu ya manta da su. Namu tsawonsa bai wuce daga Lhota zuwa tashar jirgi ba. Shekara huɗu da rabi yake yi kafin ya zagayo.

Kuma ni da rana nake aiki, ba mujiya ba ce. Mazan wurinmu da dare su ɗauki hoton wani yanki na sama a faifan gilas, bayan awa ɗaya su sake ɗaukar wurin. Ni kuwa in sa faifan biyu a na'ura, tana nuna mini wannan tana nuna mini wancan da sauri. Taurari dubbai duk su tsaya cik a inda suke. In akwai ɗigon da ya yi tsalle, to dutse ne. Haka na ga wannan dutsen, shekara biyar da suka wuce. Muka yi ta bin sawunsa har hanyarsa ta tabbata aka ba shi lamba. Sai yanzu ya isa suna. Amma ikon sa sunan na shugabanmu ne, Dakta Stehlik.

Yanzu ga abin da ya hana ni rubuto maka. A al'adar aikinmu, suna ba ya tafiya shi kaɗai. Ana haɗa shi da 'yan layuka a kan mai sunan, a aika wani ofishi a ƙasar waje, su kuma su buga ranar da wata ya cika, don a ranar haskensa yana hana masu duba taurari aiki. Da zarar an buga, shi ke nan. Ba a gyarawa, ba a sokewa. Muddin dutsen na yawo, maganar na manne da shi.

Farfesa Koudela aka roƙa ya rubuta layukan. Na ƙarshe cewa ya yi: "Babban aikinsa na ƙarshe ya salwanta a murhu saboda sakacin wani bara."

Na shiga ofishin Dakta na roƙe shi. Ya ji kunya, bai san kai kakana ba ne. Amma ya ce shi ba zai taɓa ko wasali ba sai da yardar Farfesa, don shi ne masanin rayuwar Gwani. Ranar 25 ga Oktoba takardar za ta tafi.

Kaka, tun ina ƙarama ban taɓa tambayarka ba, don Baba ya hana. Yau ina tambaya. Me ya faru a ɗakin nan?

Taka har kullum,
Zdenka

Lhota, 24 ga Satumba, 1988

Zuwa ga Farfesa Lumir Koudela, Prag

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata. Ni ne baran nan. Ban mutu ba, in kana jira ne.

Na tuna ka sarai. Ka zo gidan Maigida kwana uku da binne shi, kana ɗan saurayi da farin takalmi a cikin laka, ka tsuguna kana tonon toka da cokalin shayinmu. Ni na dafa maka dankalin da ka ci a ranar. Ba ka sa wannan a littafi ba.

Ka rubuta ni a takarda na yi shiru, don takarda tana ruɓewa, ɓera ma yana ci. Yanzu na ji kana so ka rubuta ni a sama inda ɓera ba ya zuwa. Ƙasa ba ta ishe ka ba?

Ka cire layin nan. Ban iya roƙo ba, shi ya sa ba za ka ji ya yi kama da roƙo ba.

Na bar ka lafiya,
Alois Kubat, wanda ya yi shekara ashirin da biyar a gidan da ka yi kwana biyu

Prag, 3 ga Oktoba, 1988

Zuwa ga Malam Alois Kubat,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta same ni, na kuma karanta ta fiye da sau ɗaya. Dankalin ban manta da shi ba.

Ina so ka fahimci matsayina. A wancan lokaci na tambaye ka gaban shaidu uku, ka ce da bakinka, "Ni na hura wuta da su." Na tambaye ka ko ka san mene ne, ka ce kai ba ka yi makaranta ba. A cikin tokar na sami guntun takarda mai layukan kiɗa da rubutun hannun Gwani. Abin da na gani na kuma ji, shi na rubuta. Ba ni da ikon soke gaskiyar tarihi don tausayi, ko da ina jin tausayin.

Amma idan akwai abin da ba ka faɗa ba, ƙofa a buɗe take. Zan kasance a gidan Gwani, wanda yanzu gidan tarihi ne, ranar Alhamis 20 ga wannan wata da hantsi. Ka zo ka ba da bayaninka a rubuta, ka sa hannu. In ya nuna ba sakaci ba ne, zan soke layin, zan kuma gyara littafina a bainar jama'a.

Ni ma na tsufa, Malam Kubat. Rayuwata duka na ba wa kiɗan da ban taɓa ji ba.

Naka cikin girmamawa,
Farfesa Lumir Koudela

Lhota, 8 ga Oktoba, 1988

Zdenka, 'yar ɗana,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada kowa ya tsaya a bayanki.

Tun da na karanta zancen faifanki biyu na gilas nake mafarki iri ɗaya. In gan ni a kwalekwale a tsakiyar tafki, amma ruwan baƙi ne, duwatsu na wucewa ta gefena a hankali, kowanne da mutum zaune a kansa ya juya baya. In ga Maigida a kan nasa da rigar barci, ƙafa ba takalmi, in yi ta tuƙi in kai masa silifa, tazarar ba ta raguwa. Ashe aikin da kike yi na taɓa yin irinsa, da taga.

A kakar 1951, ranar da aka janye ruwan tafki ana kamun kifi, Maigida ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa. Ni na goyo shi gida. Jiki ya warke, hannu ya dawo. Abin da bai dawo ba shi ne jiya. Yana tuna sunan karen da ya yi wasa da shi yana yaro, amma duk abin da ya faru tsakanin safiya da dare, barci sai ya share shi tas.

Kullum da safe in kai masa kofi ɗakin sama. Ya zauna gaban tagar da ke kallon tafki, ya jawo farar takarda mai layuka, ya yi ta ɗiga mata ɗige-ɗigensa. Rana na take tsaka sai in ji, "Alois! Bar tukunyar nan ka hau, jaki, yau na kamo shi!"

In hau. Ya zauna gaban piyano ya kaɗa. Ban san yadda zan gaya miki ba. Kamar mutum ne ke tafiya a kan ƙanƙarar tafki da yamma, ya hango gida da fitila a can tsallake. Yana tafiya a hankali, yana ƙara sauri, ya kusa, ya ɗaga ƙafa zai taka gaɓa, sai shafin ya ƙare.

"Ka taɓa jin irinsa?"

"Ban taɓa ba, Maigida."

"Ina za ka ji, kai da kunnen itace! Gobe zan ci gaba."

Da yamma in kwashe shafin in sa a akwati, in ajiye sabuwar takarda. Gobe ya sake kira. Kunnen itacen nan dai a rana ta uku ya gane abu ɗaya yake ji. Na ƙi yarda da kunnen. Na ɗauki shafin jiya da na yau na haɗa su na manna a gilashin taga, rana na bayansu. Kowane ɗigo ya hau kan ɗan'uwansa. Na gwada na shekaranjiya. Na gwada na makon jiya. Ke kina neman ɗigon da zai yi tsalle, kin kuma samu. Ni wata goma sha huɗu ina nema, ko ɗaya bai motsa ba.

Shi kuwa yana ta aika wasiƙu Prag cewa babban aikinsa na tafiya, jaridu na bugawa. Duk wanda ya zo in tare shi a ƙofa in ce Gwani na aiki. Matarsa ta rasu, ba ɗa. Likitan da ya sani bai kai ƙarshen shekarar ba.

Wata rana a Janairu yana neman safar hannu ya buɗe akwatin. Na hau na same shi zaune a ƙasa, takardu sun kewaye shi fari fat kamar ƙanƙara ta sauka a ɗakin. Idonsa ranar irin na da ne, mai gani.

"Tun yaushe?"

Na ce tun kamun kifin waccan shekarar.

"Kuma kullum kake ce mini ba ka taɓa ji ba?"

Na ce, "Kullum da daɗi, Maigida."

Ya yi dariya har ta juye ta zama wani abu. Sannan ya ce, "Ka ƙona su, Alois. Gara su ce ya ɓace da su ce na koma dokin niƙa mai zagaya wuri ɗaya. Kada kowa ya ji. Rantse." Na rantse da kabarin uwata. Shafi ɗari huɗu da goma sha biyu, na ƙirga ina sawa a murhu, shi yana zaune yana ɗumama hannu.

Washegari da rana na ji, "Alois, jaki, hau, yau na kamo shi!" Ya manta har da ƙonawar. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara, kullum shafi ɗaya, kullum in ƙona da yamma. A na goma sha biyu ban ji kira ba.

Ko Ruzena ban gaya wa ba. Ke ce ta farko, kuma ban ba ki izinin nuna wa kowa ba. Na rantse ba zan faɗa ba, ban rantse ba zan rubuta ba, amma na san wayo ne irin na Franta, kuma Allah ba mai sayen nama ba ne.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki

Gidan Duba Taurari, 13 ga Oktoba, 1988

Kaka,

Ina gaishe ka. Na karanta a ɗakin na'ura na kulle ƙofa, ranar ban iya duba faifai ko ɗaya ba.

Zan faɗa maka abin da ke raina, in ka so ka zage ni. Gwani ya mutu, kunya ba ta isa inda yake. Kaka Ruzena kuwa da ranta ta ji tata, ta mutu tana zaton mijinta wawa ne. Baba har yau in an tambaye shi garinsu sai ya faɗi wani gari. Ciwo ne ya sami Gwani, ba sata ya yi ba. Kiɗan da ya yi da lafiyarsa yana nan, ba mai ƙwace masa. Kai fa, me aka bar maka?

Jiya na sa wasiƙar a jaka, na je har ƙofar Dakta, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Na dawo. Ba tawa ba ce.

Ka je ranar Alhamis. Ka faɗa musu kamar yadda ka faɗa mini, da kofin da silifan da komai. In ba ka faɗa ba, kwana biyar bayan nan takardar za ta tafi, kuma duk wanda ya nemi dutsen nan a littafi nan da shekara dubu zai karanta cewa kai mai sakaci ne. Ni na gano shi, Kaka. Kada ka sa in tsani abin da idona ya gano.

Ka sa baƙar rigar nan, ba mai facin ba.

Zdenka

Lhota, 21 ga Oktoba, 1988

Zdenka,

Gaisuwa. Na je, kuma mai facin na sa, don ita gidan ya sani.

Shekara talatin da biyar ban taka ƙofar nan ba. Wata mata ta tare ni ta ce sai na zura ƙafa a wasu manyan silifan tsumma don kada in ɓata daɓe. Na ce, "Baiwar Allah, daɓen nan gwiwata ce ta sa shi sheƙi." Ta ce doka ce. Na sa. Haka na hau bene ina ja kamar mai tafiya a cikin barci. Sun zagaye murhun da jar igiya. Sun sa kujerarsa a inda bai taɓa zama ba, bayanta ga taga. Na juya ta, matar ta yi ihu, Farfesa ya ce a bar ni.

Ya ƙanƙance, Zdenka. Kai na rawa, abin ji a kunne, rigarsa ta fi shi girma. Na zo da maganata a shirye tun daga gida, na jera ta kamar itacen wuta. Ya ajiye takarda da alƙalami, sai ya ture su gefe.

"Kafin komai, Malam Kubat, abu ɗaya. Shafi nawa ne?"

Na ce ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ya rufe ido. "Ɗari huɗu," in ji shi. "Na sani. Na san babba ne." Sai ya shiga ba ni labarinsa, shi da bai taɓa ji ba. Wai kashi huɗu ne, wai na biyu a hankali yake tafiya kamar ruwan kogi a ƙarƙashin ƙanƙara, wai a ƙarshe muryoyin mutum ɗari biyu za su shigo. Wai wani lokaci yana cikin taragon jirgin cikin gari sai ya ji wani yanki, ya sauka a tashar da ba tasa ba. Yana faɗa, hasken tafki na wasa a rufin ɗaki yadda yake yi da, ni kuwa ina kallon kujerar, har na fara jin ƙamshin kofi. Na ga kamar da mutum a zaune, ƙeyarsa, da gashin nan da ba ya kwanciya.

Na buɗe baki in ce shafi ɗaya ne. Bai fito ba. Na ga in na faɗa, tsofaffi biyu zan tuɓe tsirara a ɗaki ɗaya, na kujera da na gabana.

Abin da ya fito shi ne, "Ni na ji shi."

"Ka ji?"

"Kullum da rana."

Ya riƙo hannun rigata. Na haɗa leɓe zan yi fito yadda na saba yi wa kaina a gonar dankali, sai iska kawai, fuu. Haƙora sun tafi da shi. Na sake, fuu. Matar ta juya baya tana dariya. Na ce, "Yi abinki, ke ma naki na hanya." Sai na rufe baki na rera shi ta hanci.

Farfesa ya fizgi takarda ya ja layuka biyar biyar da hannu, yana ɗigawa yana cewa in sake, in sake. Sau tara na sake. Sannan ya tsallake igiya ya buɗe piyanon Maigida ya kaɗa. Piyanon ya shaƙe, yatsunsa sun ƙage, amma shi ne. Mutumin ya taho a kan ƙanƙara, ga fitila, ya ɗaga ƙafa.

Farfesa ya tsaya hannu a sama. "Sai me?"

Na ce, "Iyakar abin da kan jahili ya riƙe ke nan."

"To me ya sa ka ƙona?"

"Na ƙona dai."

Ya daɗe yana kallona. Ya kalli shafin, wanda ya cika daidai ba ragi ba ƙari, ya sake kallona. Ban san abin da ya gani ba, ban kuma tambaya ba. Can ya ce ba tare da bayani ba littafi zai zauna yadda yake, shi ba ya rubuta abin da ba a faɗa masa ba. Na ce ya zauna. Sai ya zaro takardar dutsenku daga jaka, ya ja layi a kan jimlar ƙarshe, ya ce wanda ya ɗauki wannan a kai shekara talatin da biyar, ko me ya yi, kalmar sakaci ba tasa ba ce. Ya rubuta wani abu a gurbin, bai nuna mini ba, ni kuma girman kai ya hana ni leƙawa.

Ban sa hannu a komai ba. A Lhota ni ne Ashana har in mutu. Na san za ki yi fushi. Ki yi, gadonki ne.

Kakanki,
Alois

Gidan Duba Taurari, 27 ga Fabrairu, 1989

Kakana mai taurin kai,

Ina gaishe ka da sanyi. Na yi fushin, ka ga ai ko a Kirsimeti ban tayar da zancen ba. Ya huce.

Wata ya cika ranar Litinin ta makon jiya, yau takardar ta iso. An buga. Dutsen sunansa Sazama daga yanzu har abada. Ga layin ƙarshe: "Daga aikinsa na ƙarshe shafi ɗaya ya tsira, a ƙwaƙwalwar wanda ya ji shi." Babu murhu, babu bara.

An ce za a kaɗa shafin a Prag ranar bikin cikar Gwani shekara ɗari, shi kaɗai, a tsaya inda ya tsaya. Shi kuma dutsen yanzu yana bayan rana, sai lokacin kaka za mu sake ganinsa. In gwiwa ta yarda ka zo in nuna maka ɗigon.

Wasiƙarka ta Oktoba tana wurina. Baba zai zo wata mai zuwa. Ka bar ni in nuna masa, shi kaɗai.

Taka,
Zdenka

Lhota, 4 ga Maris, 1989

Zdenka,

Gaisuwa. "Wanda ya ji shi." Da abin zagi ne kowa ya san gidana, yau da ya zama na kirki na koma wanda ba shi da suna. Haka masu ilmi suke. Ba komai, ya fi.

Ubanki a'a. In yana son ji ya zo Lhota ya kwana a ɗakin uwarsa, ya dubi idona ya tambaya. Abin da zan ce masa ban sani ba tukuna.

Wasiƙar kuwa ki ƙona ta. Kada ki jefa ta a naɗe ki tafi, takarda in ta haɗu tsakiyarta ba ta ci. Ki warware, ki sa ɗaya bayan ɗaya, ki motsa tokar da ƙarfe har ta zama gari. Ki tsaya a wurin sai ta huce.

Allah ya tsare.

Kakanki,
Alois Kubat